Hular Injin Goge Fenti

Na haura shekara talatin kafin na fara taɓa mota da sunan aiki. Kafin nan majemi ne ni, a bayan mayanka nake jiƙa fatu, har toka da bagaruwa suka cinye min tafin hannu, tari kuma ya kama ni. Mai gidan da nake zaune a Zongo, unguwar baƙi 'yan arewa a babban birnin Asante, dattijo mai saukar fataken shanu, wanda duk muke kira Baba, shi ya ce in bar jima tun ba ta kashe ni ba. Ya kama hannuna ya kai ni wani gareji a gefen unguwar Adum, wurin wani Ba'asante da ke gyara masa lori. Kowa Masta yake ce masa. A gabana Baba ya ce, "Wannan ɗana ne. In ya ɓata maka abu, ni na ɓata." Lokacin Turawa ne ke mulki, ƙasar ba ta ma karɓi sabon sunanta ba, kuma a wannan gari baƙo ba ya samun aiki sai da bakin wani babba.

Masta yana da injin goge fenti guda ɗaya, mai aiki da lantarki, tsoho ne ya saya a hannun wani Bature. Faifai ne mai juyawa, ana sa masa wata hular ulu fara tas, a ɗaure da igiya ta baya. A shafa man goge a jikin mota, a ɗora hular, duk ƙananan zane da karce su ɓace. Tun ranar farko na ji tsoron abin. Yana kunnawa ya yi wata ƙara, na ja da baya har na taka kwanon mai, masu gyaran inji suka yi ta dariya. Gardi da gemu yana gudun faifai!

Mako shida ina koyo a jikin wata tsohuwar ƙofar lori. Hannuna ya saba da kankare fata, saboda haka dannawa nake yi, fenti ya yi zafi ya ƙone. Masta ya tsaya a kaina da Hausarsa ta Zongo. "Kai, inji nan ba ya son karfi. Ka bar shi ya yi tafiya da kanshi. Mota ba fata ba ne." Yakan kuma ɗaga hular ya nuna min. "Wannan daya ya saura. Sai jirgi ya zo da wani. Kar ka sa shi kasa, kar ka kai shi wurin karfe." Nakan ce to, a raina kuwa ina cewa wa zai koya min sha'anin fatar tunkiya.

Wata Alhamis aka kawo baƙar mota, doguwa, ta wani dattijon Asante da ke zaune wajen Manhyia, unguwar fadar sarkinsu. Asabar za a yi babban makokin ɗan'uwansa, kuma a cikinta zai isa wurin. Masta ya goge gefe da gefe da kansa. Da azahar aka aiko cewa wata lori ta mutu a unguwar Sofoline, dole ya tafi. Ya dube ni, ya dubi murfin injin motar, ya ce in yi shimfiɗaɗɗen wurin kawai, hannu sakwa-sakwa. Wannan ne karo na farko da ya bar ni da motar mutane.

Da farko abin ya tafi daidai. Sai na matsa wajen hancin motar, inda akwai wani adon ƙarfe mai tsini. Ban san yadda aka yi ba, hular ta kama shi, injin ya fizge ya kusa karya min wuyan hannu. Da na kashe, sai ga hular ta yage gida biyu, ulu yana ta yawo a iska. Na duba motar, ko ƙwarzane babu. Na duba mutane, kowa kansa yana cikin inji. Na cusa hular a aljihun wando.

Abin da ya kamata in yi a fili yake, in jira Masta in ce na yaga. Amma ina tuna matata da tsohon ciki, ina tuna ramin jima da warinsa, sai na kasa. Can sai majemin da ke cikina ya ɗago kai. Mene ne hular nan in ba fatar tunkiya ba? Da la'asar na koma gida, na zaro fatar wani ɗan rago da na jeme da hannuna, na yanko wurin da ya fi laushi, na wanke, na taje, na ɗinka mata bakin da za a zura igiya. Na san sarai ragunanmu gashi gare su, ba ulu ba. Na san a ƙasa muke shanya fata, kuma yashi ba ya fita daga gindin gashi ko an wanke sau goma. Duk na sani, tsoro ne ya hana ni saurarar kaina.

Juma'a da sassafe na riga kowa zuwa. Na ɗaura hulata, na shafa mai, na bi murfin nan kaf. A cikin inuwar rumfa yana ƙyalli har ina ganin haƙorana. Na yi hamdala, na ɓoye injin a akwatinsa. Har wani ɗan girman kai na ji.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Masta ya ce a turo motar waje ya duba ta a rana, haka yake yi wa kowace mota kafin ta tafi. Ina cikin masu turawa. Rana na sauka a kan murfin, sai ga zane zagaye-zagaye, dubbai, kamar saƙar gizo-gizo, daga gilashi har hanci. A wurare biyu baƙin ya tafi, jan fentin ƙasa ya leƙo.

Masta bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya shafa wurin da bayan yatsa, ya je ya buɗe akwatin, ya ɗago injin. Ya daɗe yana kallon hulata, har ya sansana ta.

"Ina nawa?" ya ce.

Na zaro yagaggiyar daga aljihu na miƙa masa.

"Wannan sai sabon fenti. Kwana biyar. Gobe makoki." Ya ajiye injin a hankali. "Je ka kira Baba naka."

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon ta ranar ba. Na tarar da Baba ya dawo daga masallaci, yana zaune a zaure, baƙi sun zube takalma a bakin ƙofa suna gaishe shi. Na jira suka watse, na durƙusa na faɗa masa komai. Ina jiran zagi, ko ya ce in kwashe kayana. Tambaya ɗaya ya yi min, "Jiya ka yaga, yau kake faɗa?" Sannan ya sa a kawo masa sandarsa.

Masta ya ce shi kaɗai ba zai iya tunkarar mai motar ba. A al'adarsu mai laifi ba ya roƙo da bakinsa, sai ya zo da babba ya roƙa masa. Muka tafi mu uku. Gidan cike yake da mutane cikin baƙaƙe da jajayen zannuwa, ana ta jera kujeru. Mai motar yana zaune a tsakar gida a ƙarƙashin rumfa. Da Masta ya gama bayani da Asantanci, fuskar mutumin ta haɗe, ya yi wata magana gajeriya, mutanen da ke kusa suka juyo suna kallona. Na tabbata ɗan sanda za a kira.

Sai Baba ya miƙa min sandarsa. Ya tuɓe takalmansa, ya taka ƙasa mai zafi da ƙafa tsirara, ya matsa gaban mutumin, ya ɗora bayan hannun dama a tafin hagu yadda suke yi, ya sunkuya. Baba fa, wanda ya girmi mai motar, mutumin da ko Sarkin Zongo yakan tashi ya tarbe shi. Mai motar ya juya yana magana da wani game da kujeru, ya bar Baba a sunkuye cikin rana, ni kuwa ina tsaye ina kallon yadda tsohon yake ɗaga ƙafa ɗaya ya sauke ɗaya. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Daga ƙarshe mutumin ya ɗaga hannu, ya ce ya ji, a tafi a yi fentin.

A hanya Baba ya ce da Masta, "Ka bar shi ya zo Litinin." Sai da muka kusa rabuwa Masta ya ce to, saboda Baba kaɗai.

Na koma, na kuma iya aikin, da shi na ciyar da 'ya'yana. Baba bai taɓa tayar min da maganar ba ko sau ɗaya. Amma bayan damina wasu samari biyu suka sauka daga arewa, masu hankali, suka roƙe shi ya kai su wani gareji ya tsaya musu. Ina zaune a bakin zaure ina ji. Ya ba su abinci, ya ba su wurin kwana, ya ce su yi haƙuri, ya daina kai mutum. Ɗayansu ya tambaya ko wani abu suka yi. Baba ya ce a'a, ba su ba ne, kuma bai dubi inda nake ba.