Hausar Hajiya Ƙarama

Abin da ke gabana a lokacin ga shi: 'ya guda ɗaya mai shekara biyar, wata huɗu kafin mahaifiyata ta sauka Jidda, inda muke zaune, don yin Umara, da kalmomin Hausa tara a bakin yarinyar. Da kaina na ƙirga su a kan yatsu, har da "a'a" da "wayyo". Hajiya kuwa ta riga ta yanke magana ta waya daga Katsina. In ta zo ta tarar takwararta ba ta iya zama su yi hira ba, da ita za ta koma gida, ta riƙe ta shekara biyu har bakinta ya buɗe.

Wanda bai san Hajiya ba zai ce barazana ce ta tsofaffi. Ni na san ta. 'Ya'yan yayyena uku ta ɗauka haka, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ce mata a'a ba. Sunanta yarinyar ta ci, shi ya sa muke ce mata Hajiya ƙarama, kuma a gidanmu mai suna tana da iko a kan takwararta. Abin da ya tunzura ta bai taka kara ya karya ba. Ranar wata Juma'a muna waya ta bidiyo, Hajiya ta ce, "Ina wuni, takwara?" Yarinyar ta juyo ta tambaye ni da Larabci me tsohuwar nan take cewa.

Laifin ba na yarinyar ba ne. Sana'ata sayen tsofaffin mukayyif, wato esi, daga rumbunan Khumra, in sa a gyara, in sayar a Sharafiyya. Daga safe zuwa magariba Larabci nake yi da Yamalawa da 'yan Bangaladash, in na dawo gida kuma bakin bai juyo ba. Matata a unguwar Nuzla ta nan Jidda aka haife ta, kakanninta ne suka zo aikin Hajji suka zauna. Babu Hausar da ba ta ji, amma in ta fara magana da Hausa, da Larabci take ƙarasa ta.

Gwaggon matata ce ta nuna mana makarantar. Ɗaki biyu ne a ƙasan wani bene, cikin lungun da mota ba ta shiga, da yara goma sha huɗu, duk 'ya'yan Hausawa. Ana shiga ƙarfe bakwai, a tashi da azahar. Suna koyon baƙaƙe da gajerun surori da ƙirga, sai Hausa. Mai makarantar Bahaushiyar Sudan ce, dattijuwa mai tabarau, yara da iyaye kowa Abla yake ce mata, kamar yadda ake kiran malama a nan.

Na shiga na fara duba wurin yadda na saba duba kaya. Na ɗaga kai na saurari esin ɗakin, na ce mata ba zai kai ƙarshen zafi ba.

Ta ce, "Alhaji, yarinya ka kawo ko inji ka zo gani?"

Na gaya mata matsalata ba ɓoye-ɓoye. Na ce, "Wata huɗu gare ni. Za ta yi magana?"

"Awa biyar take wurina. Sauran sha taran a hannun wa suke?"

Daga nan ta miƙo mini gwangwanin madara mai huda a murfi. Tsarinta ke nan. Kowane yaro yana da nasa a gida. Duk lokacin da uwa ko uba ya yi masa Larabci, sai yaron ya jefa ƙwallon dabino ɗaya a ciki. Ranar Alhamis a zazzage a ƙirga. Yaron da ya fi kowa tarawa a ba shi alewa saboda sa ido, uban ko uwar da aka kama kuma su zo ranar Lahadi da safe su zauna a kujerar yara, su yi waƙar ƙirga tare da aji.

Makon farko ƙwallo arba'in da ɗaya aka zazzage daga namu. Ranar Lahadi na bar ciniki na zo na zauna a wata jar kujerar roba, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Yara sha huɗu suna kallona, ina rera ɗaya, biyu, uku da muryar da nake tsawata wa masu ɗaukar kaya. Wani direba da ya kawo ɗansa ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, Allah ya ba da ilmi mai amfani." Mako na biyu ma ni ne. Na uku ma ni ne. Har yaran suka daina zama a jar kujerar, sun ce ta Baba ce.

A mako na huɗu na fara lura. Yarinyar ba ta zuwa wurina sai ina kan waya da mai saye. Sai ta taɓa ni ta yi tambaya da Larabci, ni kuma hankalina yana kan ciniki, in amsa mata da Larabci. Kafin in rufe baki sai in ji ƙwal a cikin gwangwani. Uwarta ta ce dabino ya daina kwana a gidan, ashe ci take yi don ta sami ƙwallo. Hausarta kuwa a makonni shida ba ta wuce kalma ashirin ba, kuma wadda ta fi ƙwarewa a kai ita ce "na kama ka".

Na je wurin Abla bayan an tashi. Na ce, "Abla, ki gafarce ni, ilmi naki ne, amma ciniki nawa ne. In na ce wa mai gyara zan ba shi lada a kan kowane injin da ya lalace, injina ba za su daina lalacewa ba. Larabcina kike saye a wurin yarinyar nan, ita kuma tana nemo miki shi."

Ta cire tabarau ta goge. Ranta bai so ba, shekara da shekaru tana wannan tsari, ba wanda ya taɓa tanka mata.

"To, malamin malamai, me za a yi?"

Na ce a juya abin. A ba da alewa ga yaron da ya kawo sabuwar kalmar Hausa daga gida, ya sa ta a cikin magana, kuma ya zama ba wanda ya riga shi kawo ta.

Ta ce, "Wata ɗaya. In bai yi ba, jar kujerar nan taka ce har ƙarshen shekara. Halas? Magana ta ƙare?"

Na ce halas.

Tun daga ranar ban ƙara shan shayi cikin natsuwa ba. "Baba, mene ne wannan? Wancan fa?" Amma yara sha huɗu ne suke haƙo a gidaje sha huɗu, cikin mako biyu ƙofa da cokali da takalmi duk an kai. Kayan da kowa ke da shi ba ya tsada, kuma yarinyar ta gane haka ba tare da na gaya mata ba. Wata rana bayan la'asar ta kawo mini wayata ta ce, "Kira Hajiya."

Da farko abu take ɗagawa a gaban waya, Hajiya ta faɗi sunansa. Da kayan gidanmu suka ƙare, sai Hajiya ta fara zagayawa da ita cikin nata gidan tana nuna mata. Maburgi, faifai, ludayi, akushi, mazari. Wasu ni kaina rabona da jin su tun ina yaro. Wasu kuma Abla ba ta san su ba, don Hausar Sudan ta bar su a hanya, sai ta tsare ni a ƙofa ta ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, akwai wani abu wai shi maburgi, ko 'yarka ce ta ƙirƙira?"

Ba a yi wata ba aka sake kirana makaranta. Ƙara biyu ce. Ta farko, yarinyar ta ce wa ɗan direban nan sakarai, yanzu duk ajin sakarai suke ce wa juna, har da shashasha da ja'ira, duk daga Katsina aka yo odarsu. Ta biyu, tana karɓo kalma biyar a wurin Hajiya, ta kai biyu, sauran ukun ta ba wasu yara a bakin biskit.

Abla ta ce, "Wannan ma da sauƙi. Kalma ɗaya ta sayar wa yara biyu."

Na ɗaure fuska na yi mata faɗa a gaban malamarta, don sayar da abu ɗaya ga mutum biyu ba ciniki ba ne, cuta ce. Amma ba zan yi ƙarya ba, a hanyar gida na tsaya na saya mata askirim.

Hajiya ta sauka, ta wuce Makka ta yi Umararta, sannan ta zo gidanmu da hantsi. Yarinyar ta durƙusa yadda Abla ta koya musu. "Sannu da zuwa, Hajiya. Ya hanya? Ya mutanen gida?" Sai ta leƙa bayan tsohuwar ta ce, "Ina tsarabata?" Kwana uku suna manne da juna. Hausar tana fita da ƙamshin Larabci, wani lokacin ta ce wa mace "kai", amma hira ce sosai, har da musu.

Rana ta huɗu, mun gama cin abincin rana, Hajiya ta wanke hannu ta ce, "Kai, ka fara shirya mata takardu. Ai yanzu ma na fi son tafiya da ita. A da kurma zan ɗauka, yanzu kuwa na sami abokiyar hira."

Matata ta tattara kwanuka ta shige kicin, na ji ta buɗe famfo ba ta wanke komai. Ni kuma na sunkuyar da kai. Duk wahalar da na sha, ashe gyara kaya na yi har mai saye ya ƙara ƙwallafa rai.

Yarinyar ce ta yi magana. "Akwai Abla a Katsina?"

"Babu. Akwai ni."

"Akwai teku?"

"Babu teku, ja'ira. Akwai awaki."

Na ga awakin sun ɗan ja hankalinta. Sannan ta girgiza kai. "Ke ki zauna nan. Baba ya ce in kin tafi da ni Mama za ta yi ta kuka, shi ma ba zai iya barci ba. Amma ya ce tsoron gaya miki yake ji."

Maganar nan na yi ta, ban musa ba. Ni da uwarta muka yi ta a mota, da Hausa, yarinyar tana kujerar baya. Tun tana jaririya haka muke yi. Duk abin da ba mu so ta ji, sai mu juya shi Hausa a kanta, kuma ba wanda ya tuna cewa wannan ƙofa ta riga ta buɗe.

Hajiya ta dube ni. "Tsorona kake ji, ƙato da kai, har da furfura?"

Na ce, "Ina ji, Hajiya."

Ta yi dariya har da tari, sai da takwararta ta kawo mata ruwa. Ta ɗaga murya yadda za a ji a kicin ta ce, "Ke, rufe famfon nan, an bar muku ita. Amma kullum bayan la'asar a ba ta waya, ban gama da ita ba."

Da na zauna na auna, ribar a fili take: 'yata tana gidana, kuma tana da kaka da za ta yi musu da ita. Asarar ɗaya ce, amma ba ƙarama ba. Ni da matata ba mu da sauran harshen da za mu ɓoye magana a cikinsa. In muna son shawarar da ba za ta isa Katsina kafin magariba ba, sai mu jira ƙarfe bakwai na safe, a kai ta makaranta.