Iya Turai, Wadda Ta Ƙirga Ƴaƴan Fari

Duk wanda ya saba bi ta bayan gidan likita na Magariya da safe ya san ƙarar nan ta kwalba na taɓa kwalba cikin daron ruwan zafi. Iya Turai ce. Kafin anfirme, wato malamin asibiti, ya buɗe ƙofa ta riga ta share tsakar gida, ta hura wuta, ta dafa allurai, ta jera ƙananan kwalaben gwajin fitsari a kan tabarma, bakinsu ƙasa. Ba ta yarda kowa ya taya ta wanki. In ka matsa mata sai ta ɗaga kwalba ɗaya ta haska ta a rana ta ce, “In datti kaɗan ya rage a nan, an ɗora wa lafiyayye cuta ke nan. Tafi abinka.” Shekara ashirin da biyu tana wannan aiki. Ƙarshen watan nan za ta ajiye shi, gwiwa ta ƙi, za ta koma Dantchiao wurin ƴarta.

Ni ba mai dogon karatu ba ne. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, na gudu, na bi kamiyon, motar ɗaukar gyaɗa, na yi dako a kan iyaka, na gwada ɗinki na bari. Amma ɗan abin da na koya ya isa in rubuta sunan mace ɗaya, tun da na ga masu manyan alƙaluma ba su da niyya.

Tsargiya ta daɗe tana cin yaran ƙasarmu. Yaro ya yi iyo a tapki, bayan ƴan watanni ya fara fitsarin jini, ya rame, fartanya ta fi ƙarfinsa. Da, kowa ta gefensa yake taimako: kumandan, Baturen mulki, ya aiko magani ya ƙare cikin mako, ƴan kasuwa su yi sadaka, ba wanda ya san tapkin da ke da cutar, balle yawan masu ita. Shekara biyar da suka wuce aka yi dabarar haɗa hannu wuri ɗaya. Gwamnati za ta sayo madubin gwaji, irin wanda ke nuna ƙwan cuta da ido ba ya gani. Ƴan kasuwar Magariya, da Alhaji Mutari a gabansu, za su gina masa ɗaki. Manoma za su tara buhunan gyaɗa don a tura samarinmu biyu Yamai su koyo duba shi. Sharaɗi ɗaya aka sa: sai ƙidaya ta nuna cutar ta yi yawa a nan, in ba haka ba a kai madubin wata ƙasa.

Anfirmenmu na lokacin, Mushe Kojo, wato Malam Kojo da Faransanci, mutumin Dahome ne, mai kirki, kuma yana jin Hausa. Ya yi wata guda yana bin ƙauyuka da takarda yana tambayar iyaye mata. Da ya dawo, a gaban taro ya karanta wa likitan Bature da ya zo daga Damagaram abin da ya samo: masu fitsarin jini ba su kai hamsin ba. Likita ya ce wannan bai isa ba. Alhaji Mutari ya tashi yana kakkaɓe riga, ya ce in dai madubi ba nan zai zauna ba, to ko bulo ɗaya ƴan kasuwa ba su ɗorawa. Tafiya ta kusa watsewa a nan take.

Iya Turai tana bayan taga tana wanki, ta ji duka. Sai ga ta ta shigo, hannu na ɗigar ruwa.

“Mushe, wa ka tambaya?”

“Iyaye mata, Iya. Haka takarda ta ce.”

“Nafi matar maƙerin Dogo-Dogo, ƴaƴa nawa ta ce maka?”

Ya duba. “Huɗu.”

“Biyar ne. Ina wurin ranar sunan Maharazu, na farinta.”

Mushe Kojo ya ɓata rai. “Wato ƙarya ta yi mini?”

“Wace ƙarya? Kunya ce. A nan mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta sa shi a ƙirga gaban baƙo. Da yawansu ma ba sa gidan, suna riƙo wurin kakanni. To gaya mini, wa ke kai awaki tapki? Wa ke iyo? Na goye?”

Alhaji Mutari ya koma ya zauna a hankali. Ya ce, “Ke Turai, bakinki ya fi kwalabenki ƙara. Amma wallahi gaskiya ce, kuma duk mu nan ba wanda ya tuna.”

Aka fassara wa likita. Ya ce shi ba ya iya aika labarin baka Yamai, sai abin da ya gani da idonsa. Ranar kasuwa mai zuwa zai koma, kwana bakwai ke nan.

Washegari Iya Turai ta ari jakin maƙwabcinta ta kama hanya. Ta bi Dantchiao, ta bi Dogo-Dogo, har ƙauyukan gefen Dungass. Ba ta shiga ɗakin uwa ko ɗaya ba, wurin tsofaffi ta nufa, domin ta san kaka ba ta kunyar jika, har tsokanarsa take tana ce masa mijinta. Amma ba da sauƙi aka buɗe mata ba. Kaka Ɗela, wadda ke riƙon Maharazu, ita da bakinta ta ba ni labarin yadda suka yi.

“Na ce mata, Turai, yaushe kika zama ƴar garda, dogaran kumandan? A ƙirga mana yara a kwashe su lakwal, ko a kai su aikin hanya? Ta ce, ‘Yaya Ɗela, ni zan rako su har ƙofar gida. In aka riƙe ɗaya, ki ɗaure ni a turken jakin nan.’ Na ce jakin ma na aro ne. Ta ce, ‘To mijin naki fa, jan fitsarin da yake yi a bayan dangarki shi ma na aro ne?’ Sai na yarda, don na daɗe ina gani.”

Haka ta yi ta bi, gida gida, cikin zafin bazara. Kwana na huɗu jakin ya gurgunce, ta ƙarasa da ƙafa. Masu sani sun ce tun daga wannan tafiya gwiwarta ba ta koma daidai ba.

Ranar kasuwa da hantsi, mutanen Magariya suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Tsofaffin mata ne ke shigowa ta kowace hanya, wasu da sanda, wasu kan jaki, kowace tana kore da jikanta. Ƴaƴan fari sun haura ɗari biyu. Kaka Ɗela ta tura Maharazu gaban Mushe Kojo ta ce, “Ga mijina, rubuta shi. In uwarsa ta ce ba ta haife shi ba, to a tapki na tsinto shi.” Wuri ya kece da dariya.

Iya Turai ta raba kwalabe. Da suka ƙare ta wanke, ta sake rabawa. Duk wadda ta dawo sai ta jera ta a kan tabarma, a rana, likita yana bi yana dubawa. Ba a ma buƙaci madubi ba, ja ya rinjayi fari nesa ba kusa ba. Likita ya tsaya ya daɗe yana kallo, sa’an nan ya cire hularsa. Mushe Kojo ya yage tsohuwar takardarsa da kansa, ya jawo kujera kusa da ita ya ce, “Iya, faɗi, ina rubutawa.” Da la’asar Iya Turai ta raka tawagar Dogo-Dogo har ƙofar gida, ba a riƙe kowa ba.

Yau ga ɗakin gwaji nan tsaye. Sallau da Isufu, samarin da gyaɗarmu ta koyar, su ke duba madubin, ba sai an jira baƙo ba. Sun gano tapkuna biyu da suka fi ɗauke da cutar, an haƙa rijiya kusa da kowanne. Takardar ƙidaya ma an gyara ta, yanzu ta ce a tambayi kaka. Ranar buɗe ɗakin an kira sunan kumandan, an kira na Alhaji, an kira na manoma. Ita tana baya tana wanki.

Iya, ke ce kika riƙe tafiyar nan ranar da ta kusa watsewa. Ba ki san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma ke ce kika gyara wa masu boko takarda. Turai mai kwalba, uwar ƴaƴan fari! Ke ce kika nuna mana cewa ko an tara gyaɗa da bulo da madubi, in ba a sa wanda ya san cikin gidajenmu ba, aikin zai wuce ta kan marasa lafiya bai gan su ba.

Ina kira ga ƴan kasuwa da manoma kada su saki hannun da suka haɗa, domin akwai sanƙarau da kurkunu suna jiran irin wannan bincike. Ku kuma ma’aikata, masu shara da masu alƙalami, in kun ji an karanta abin da kuka san ba daidai ba ne, ku shigo ko hannu na ɗigar ruwa. Allah ya saka miki da alheri, Iya, ya sassauta miki gwiwa, ya sa ki huta lafiya a Dantchiao.

Ni ma ɗan fari ne. Ina cikin layin nan ranar kasuwa, kuma kwalbata ja ce. Allurar da kika dafa ita ta warkar da ni. Jiya na gaya wa mahaifiyata zan rubuta miki wannan takarda. Ba ta dube ni ba, tana ta tankaɗen garinta. Sai da na kai bakin zaure ta ce wa ƙanwata, “Ki ce wa wancan ya rubuta, uwar wani tana godiya.”