Kwanson awon albarushi

A gidanmu, cikin wani ƙauye tsakanin Illela da Konni, akwai abin da ko Inna ba ta taɓawa: wani tsohon kwanson harsashi na tagulla da Baba ke ajiyewa cikin jakar fata. Ya fi tafin hannuna tsawo, bakinsa kuwa babban yatsan namiji zai shige. Kakanmu ne ya samo shi wurin wani nasara da ya yi wa jagora wajen farautar ɓauna can kudu, tun zamanin da daji ke da nama.

Ni mace ce, ba a koya mini harbi ba, amma kunnena ya sha bayani har ya ƙoshi. Baba yakan ce albarushin dā baƙi ne, mai hayaƙi, mai nawa, shi ya sa ake yi masa harsashi ƙato na dalma, mai dakusasshen kai. Ba gudu ake nema gare shi ba, nauyi ake nema. In ya sami ƙashi sai ya baje, ɓauna ta durƙusa. Baba bai taɓa ganin ɓauna da idonsa ba, amma in yana ba da labarin sai ka rantse shi ya feɗe ta.

Da wannan kwanson yake awon albarushin adakarsa, bindigar nan da ake ɗurawa ta baki. Ya cika shi fal, ya shafe bakin da yatsa, ya juye. Kullum maganarsa ɗaya ce ga yayana: "Awonga bai ƙarya. Kak ka ƙara, kak ka rage."

Da nama ya ƙare a daji, aiki ɗaya ya rage wa adakar. In an ga watan Salla, daga ƙofar gidanmu ake buga ta, albarushi zalla ba harsashi, gari ya ji a kama guɗa. Ko bayan rediyo da salula sun cika gari, Baba bai fasa ba. Mutane sun riga sun sani, amma shi a ganinsa wata bai tsaya ba sai bindigarsa ta faɗa.

Shekarar da idanun Baba suka tafi, tsohon da ke haɗa masa albarushi a Illela ya rasu, kuma da halin tsaro da ake ciki ba mai son a ji yana cigiyar irin wannan kaya. Azumi ya yi nisa, gorar albarushi ba ko ƙyas. Baba bai roƙi kowa ba. Sai dai ya zauna yana shafa jakar fatar, yana tambayar nawa ga wata. Abin ya dame ni, amma ya fi damun Yaya, wanda ke kabu-kabu a Konni, kuma bai iya ganin Baba cikin damuwa.

Sai ya samo harsasan farauta na zamani, masu jan kwanson roba, ya farke su ya tara garin cikinsu. Ranar duban wata ya zo da murnarsa.

"Baba, na samo albarushi. Yau ni ka buga maka ita."

"Ka auna da kwanson?"

"Na cika shi hal baki, na shahe, kamar yadda kak koya min."

"To, madalla," in ji Baba, har da gyara zama.

Ba wanda ya sani a cikinmu cewa garin zamani ya ninka na dā ƙarfi, kaɗan ake zubawa. Baba bai san wani albarushi ba sai baƙin nan, Yaya kuma bai san wani awo ba sai na ubansa.

Bayan magariba aka ce ga wata. Yaya ya fita ƙofar gida ya buga bindigar. Ƙarar da ta tashi ba ta yi kama da rugugin da muka saba ji ba, wata tsawa ce mai kaifi, ba hayaƙin kirki. Mata a maƙwabta suka fara guɗa. Baba kuwa ya miƙe tsaye, yana lalube.

"Wagga ba muryatta ba ce. Ina yayanki?"

Bindigar ta tsage a daidai inda hannun hagun Yaya yake riƙe. A asibiti muka yi Sallar. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma yatsun da yake kama kulocin babur da su sun tafi, sana'ar ma ta bi su.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi, don ina da zuciya, ban samu ba. Yaya ya yi abin da aka koya masa daidai. Baba ya koyar da abin da bai taɓa cutar da shi ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ranar da aka sallamo Yaya, Baba ya kama hannun nan mai bandeji ya riƙe. Can ya ce in miƙo masa jakar fata da ƙusa da dutse. Na ɗauka gyara zai yi. Ya laluba gindin kwanson, ya kafa ƙusar, ya buga har ta ɓulla. Sannan ya miƙo mini.

"Amshi, ɗiyata. Aje shi wurinki."

Yana nan cikin akwatina har yau. Jikokin Baba sukan ɗauko shi su ɗura masa rairayi, su yi ta mamakin yadda ba ya cika.