Sanyin Ɗakin Kwaɗi

Shekara ashirin da biyu yana wanke tankunan kwaɗi a ɗakin binciken jami'a, har sunansa ya ɓace, kowa sai Baban Kwaɗi. Matarsa kan ce, "Mazan mutane na kiwon shanu, nawa na ba kwaɗo abinci da cokali." Shi dai sai murmushi.

Abin da ake yi da ƙwan kwaɗin kuwa, wallahi bai taɓa ganewa ba. Dakta, shugabar wurin, ta sha yi masa bayani: wai ƙwan barci yake, akwai birki a cikinsa, sai an ɗiga masa sinadari saƙo ya shiga, birki ya saki, farin ɗigo ya fito a kansa. Ƙwai da birki! Ya ce "to", ya koma kan tiyonsa.

Kwatsam ɗigo ya ƙi fitowa, har sati shida. Akwai ɗalibar da digirinta ya rataya a kan ɗigon nan, wata biyu ya rage mata. Ta sake sinadari, ta sake ruwa, duk ta rame. Wata safiya ya tarar da ita tana kuka.

"Baba, na rasa mafita. Sai ka ce ƙwan da aka dafa."

Dafa? Tun da gwiwoyinsa suka fara ciwo, sanyin ɗakin kwaɗi ke shigarsa har ɓargo. To su bayin Allah da ke cikin ruwa tsirara fa? Shi ya sa in an tashi aiki yake kashe musu na'urar sanyi, da sassafe ya kunna. Amma me ya haɗa tausayi da birki? Kwana biyu yana juya abin bai gane ba. Abu ɗaya ya sani, in ya faɗa, shi da mukullin ɗakin sai kallo.

Ya je ya faɗa. Dakta ta dafe kai.

"Haba Baba! Sanyin nan ne lafiyarsu, zafi ke lalata ƙwan."

"Ranki ya daɗe, gani na yi…"

Ta miƙa hannu, ya ba ta mukulli. Aka mai da shi gadin ƙofa.

Bayan wata guda ɗalibar ta sauko da gudu. "Baba, ɗigo ya fito!"

Ya yi murna har da ƙwalla. Sannan ya ce, "'Yata, macen kwaɗon nan ta tankin lungu fa, tana cin abinci? Ba ta ci sai an juya mata baya."

Ɗalibar ta ce, "Wacce, Baba? Ai duk iri ɗaya ne."