Kaset ɗin Kokowa da Ishaya Ya Buɗe

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar abokina Ishaya, wanda mutanen Madawa suka sani da Ishaya mai radiyo. Duk shekara, in damina ta ja baya aka fara yankan hatsi, nakan ɗauki alƙalami da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Labarin yana da wani yanki da ni ne a ciki, kuma bai yi mini kyau ba.

Ishaya Kirista ne. A unguwar ma'aikatan asibitin mishan ya tashi, can kuma ya koyi aikin wuta a hannun masu kula da injin kuran, wato na lantarki, kafin ya dawo Madawa ya kafa rumfarsa kusa da tasha. Ni Musulmi ne, ɗan manoma daga Azarori, an turo ni koyarwa a lakwal. Radiyona ce ta haɗa mu. Na kai masa ita tana shaƙewa, ya kwance ta, ya duba, ya mayar, ya nuna batirin, ya ce, "Mushe, radiyonka lahiya lau take. Wanda ya saida maka pil, shi ne ba shi da lahiya." Mushe, haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu. Tun daga ranar, in na tashi daga lakwal da la'asar, a bencinsa nake zama.

Mutum ne da bai yarda da abin da aka rubuta a bayan kwali ba. Ko sabuwar fitila aka kawo masa, sai ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya sansana. Wasu na cewa baƙin hali ne. Ni dai na san duk wanda zai sayi kayan wuta a garin, daga mai shayi har ma'aikacin gwamnati, sai ya biyo ta wurinsa tukuna.

A farkon shekarun casa'in ne na'urar wasan ta shigo mana. Wani ɗan kasuwa, Alhaji Sule, mai sarin kaya daga Kwatano, shi ya zo da guda biyar. Da bakinsa ya gaya mana bai so su ba, babban dillalin da yake saye wurinsa ne ya cusa masa su cikin kwalayen radiyo don sun daɗe a ajiye. Abu ne kamar ƙaramin akwati, a haɗa shi da tele, a soka masa kaset ta sama, sai mutum biyu su riƙe wasu 'yan faifai masu maɓallai suna juya 'yan mutanen da ke cikin gilashi. Kaset ɗaya ce ke zuwa da kowace na'ura, da rubutun da babu mai iya karantawa a garin.

Ishaya ya haɗa ɗaya a rumfarsa don gwaji. Mun zaci abin yara ne. Kafin sati biyu, direbobin kamiyo da ke jiran lodin albasa sun mamaye bencin, teloli na barin keke su zo, har wani jandarma mai furfura yakan tsaya ya ce a ba shi hannu ɗaya. Guda biyar ɗin suka ƙare. Alhaji ya koma ya kawo ashirin, suka ƙare. Masu dawowa daga cin rani suka gano sana'a ce: tele baƙi da fari, batirin mota, na'ura ɗaya, sai mutum ya kafa rumfa a ƙauyensu, a yi layi. Ranar kasuwa mutanen Buza da na Keita na zuwa takanas neman kaset. Alhaji ke kawowa, Ishaya ke sayarwa, shi ke gyara in ta lalace.

Daga nan ne masu buga kaset ɗin, can inda suke, suka farga da mu. Ban san sunansu ba, ban san ƙasarsu ba, amma mun ga alamar farkawarsu a kan kwali. Da farko kaset ɗin suka yi yawa, kala-kala. Sai aka fara rubuta manyan lambobi a jikinsu, wai wasa ɗari a cikin guda, wai ɗari biyar. Ishaya ya ɗauki ɗaya, ya zauna da ita yini biyu yana bi ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar wasa shida ne, ana ta maimaita su, wani a canza launin sama, wani a fara daga tsakiya. Bayan haka rubutun ya koma Faransanci, mai kurakuran da ko ɗan ajina ba zai yi ba.

"Mushe," in ji shi, "mutanen da bara ba su san muna duniya ba, bana sun koyi Faransanci sabili da mu. Mi sunka gani?"

Na ce kasuwa suka gani, kuma ba laifi ba ne. Ya ce shi ma bai ce laifi ba ne, yana dai son ya san ko an ƙara wani abu a ciki, ko riga kawai ake canzawa. Bai daina sayarwa ba, amma duk mai saye sai ya gaya masa, "An rubuta ɗari, shida na a ciki. In kana so haka nan, ɗauka." Alhaji bai ji daɗin wannan ba, sai dai kaya na tafiya, ya ƙyale shi.

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, komai ya yi tsada, ciniki ya ja baya. Wata Juma'a bayan an sauko, Alhaji ya ja ni gefe. Ya san ina zane, don ni ke zana taswira da hotunan dabbobi a bangon lakwal. Ya ce wakilin masu buga kaset a Kwatano ya yi mamakin yawan kwalayen da ke hawa arewa, ya tambaye shi abin da mutanenmu suka fi so. Shi kuma ya ce kokowa.

"Za su yi muna wasan kokowa, Mushe, irin tamu, da makaɗa da komi. Hoto kawai suka so su ga yadda 'yan kokowarmu suke. Kai ka iya. Amma kak ka hwaɗa ma abokinka, ka san shi da tsegumi."

Wannan jimla ta ƙarshe ta isa ta tsayar da ni. Ba ta tsayar da ni ba. Na yi kwana uku ina zana ƙarti biyu sun sarƙe, da layu a damatsa, da makaɗi a gefe, na rubuta KOKOWA da manyan baƙaƙe a sama. Alhaji ya ba ni shadda ta ɗinki ɗaya. Gaskiya ba shaddar ce ta ja ni ba. Tunanin cewa hannuna zai ƙetare teku, a buga shi a injin, shi ya rufe mini ido.

Bayan wata huɗu kaset ɗin ta iso. Ga zanena, an sa masa launi, yana ƙyalli. Alhaji bai kai wa Ishaya ba, ya san zai gwada. Ranar kasuwa ya baza su a kan tebur a bakin butik ɗinsa, kuɗinta ninki biyu na sauran, kafin azahar babu ko ɗaya. Na tsaya daga nesa ina kallon mutane na nuna wa juna hoton, raina fari tas.

Sati na zagayowa, ina zaune a bencin Ishaya, sai ga wani mutum ya sauko daga motar Buza, kaset a hannu. Sunansa Hamidu. Shekara uku ya yi yana dako a Abijan, abin da ya tara ya zuba a tele da batir da na'ura. Ya ce da ya koma da kaset ɗin, ya sa aka yi shela a ƙauyensu. Dattawan da ba su taɓa leƙa rumfarsa ba suka zo, har da wani tsohon ɗan kokowa da aka riƙo hannunsa. Aka kunna. Sai ga Turawa biyu da gajeren wando, cikin wani fili da aka kewaye da igiya, suna naushin juna.

"Tsohon nan ya dube ni ya ce, wagga ce kokowar da ka koyo Abijan? Anka yi ta dariya. Yanzu ko yara Bature suka ce mini. Maigari ya ce in ɗauke rumfata daga bakin kasuwa, wai na tara mutane da ƙarya. Ni wa na cuta, Malam Ishaya? Ni anka cuta."

Ishaya ya kwance kaset ɗin. Ya jawo wata tsohuwa ta dambe da ta fi shekara biyu a rumfarsa, ya kwance ta ita ma, ya jera cikinsu a kan tebur. Iri ɗaya ne, har lambar da ke jiki. Sannan ya sa farce ya ɗaga gefen hoton kokowar. Tsohon hoton 'yan damben na nan a ƙasa, ko ɓare shi ba a yi ba.

Ya daɗe yana kallon zanen.

"Wanda ya zana wanga ɗan ƙasag ga ne," in ji shi. "Dubi ɗaurin layun. Kuma bai iya ƙahwa ba, ya ɓoye su cikin rairayi."

Duk dabbobin da ke bangon lakwal a cikin ciyawa suke tsaye, don ban taɓa iya zana ƙafa ba. Ishaya ya sha yi mini ba'a a kan haka. Ya ɗago ya dube ni, ya jira. Na yi 'yar dariya, na ce masu zane ai suna da yawa. Ya ce, "Haka ne, Mushe," ya mayar da kansa ga aiki.

Ranar kasuwa ta gaba ya fito da tebur bakin hanya, ya ajiye kaset biyun a buɗe. Duk wanda ya tsaya sai ya nuna masa. Ya kuma rufe rumfarsa yini guda, ya bi Hamidu har ƙauyensu, ya nuna wa maigari, aka bar Hamidu ya ci gaba da sana'arsa. Alhaji ya zo yana faɗa, yana rantsuwa shi ma yaudararsa aka yi. Ishaya ya ce in haka ne, ya karɓi kayan ya mayar wa mutane abinsu. Alhaji ya karɓi na Hamidu da na wasu biyu masu baki, sauran ya ce ciniki ya faɗa. Daga ranar bai sake ba Ishaya kaset ko ɗaya ba. Ya buɗe tasa rumfar wasan daura da tasha, da tele mai kala, jama'a suka koma can. Ishaya ya koma kan radiyo da fitila, abin da yake samu ya ragu ƙwarai, har matarsa Maryamu ta fara tuyar ƙosai da safe.

Har yau ban san inda aka manna hoton nan ba. Ko masu buga kaset ɗin ne suka ga sun sami mutanen da za su juye wa tsohon kaya, ko wakilinsu na Kwatano ne, ko Alhaji ne da kansa ya kai zanena wata maɗaba'a ya dawo ya zauna da gam. Alhaji ya rasu shi ma, Allah ya jiƙansa, ba zan ɗora masa abin da ban gani ba. Ishaya yakan ce ba shi da bambanci: duk cikinsu babu wanda ya tambayi kansa yadda Hamidu zai tsaya gaban mutanen garinsu.

Yanzu wasan ya koma cikin waya. Jikokina na kwance a tabarma suna latsawa, suna ce mini kyauta ne. In an jima sai wasan ya tsaya, ya ce a sa kuɗi a ci gaba. Kwanan baya na ga wani wasa da ke gaishe da mutum da Hausa, har da hoton mai rawani. Yaran suna murna an san da su. Ni kuwa sai na tuna da kaset ɗin kokowa. Nakan tambayi kaina me Ishaya zai yi da abin da ba shi da murfin da za a kwance. Ina jin zai zauna kusa da yaron ne, ya ƙi tashi har sai ya ga inda wasan ke fara neman aljihu, sannan ya ce, to, ga shi nan. Kuma ina jin zai tambaya wane ɗan gari ne ya ba su gaisuwar, don ya san irin wannan kaya ba ya shiga gari sai da hannun na gida.

Ishaya ya rayu shekara biyar bayan maganar kaset ɗin. Ban daina zama a bencinsa ba, bai daina zuba mini shayi ba. In Sallah ta zo shi ke fara shigowa gidana, in Kirsimeti ta zo Maryamu ta aiko mana da tuwo da nama. Bai sake ta da maganar zanen ba ko sau ɗaya. Da ciwo ya kwantar da shi a asibitin da ya tashi a gindinsa, na je duba shi sau uku, kowane zuwa da maganar a bakina, kowane komowa da ita.

Mutanen Madawa na tuna shi da mai zargin komai, kuma haka ne, ya zargi kwali, ya zargi lamba, ya zargi kamfanin da bai taɓa gani ba. Abin da ba su sani ba shi ne ya kama ni dumu-dumu, ya tona kowa a bakin hanya, ni ya rufa mini asiri, ya bar mini in faɗa da bakina. Wannan ne ya fi zauna mini daga gare shi, ya fi kuma nauyi.

Maryamu na da rai, 'ya'yansu na karanta wannan jarida. To, ku ji daga gare ni. Ni na zana 'yan kokowar nan. Babanku ya sani, ya jira ni shekara biyar, ban faɗa ba.