Tallar da Na Mayar Labari

Lokacin da kuɗin man fetur suka fara shigowa, soja na kan mulki, ina aiki a wata ƙaramar jaridar Hausa mai fitowa mako-mako a Sakkwato. Aikina jera baƙaƙen dalma da tsara shafi. Editanmu tsohon malamin makaranta ne, Kirista daga kudancin Zariya, ya fi yawancinmu iya Hausa. Malam muke ce masa. Yana da doka guda wadda ba ya sassautawa: duk talla a zagaye ta da baƙin layi mai kauri, a rubuta TALLA a samanta. Yakan ce mai karatu ya san wanda ke yi masa magana, mu ne ko mai kaya.

Talla kuwa ta yi yawa a shekarun nan. Rediyo, babur, firji, kowa ya zama mai shigo da kaya. A cikinsu akwai wani Alhaji da ya bar fataucin hatsi ya koma sayar da injin ban-ruwa. Sau biyu yana roƙon Malam a buga masa tallarsa kamar labari, Malam yana ƙi.

Da aka yi wa Malam rasuwa ya tafi gida na mako biyu, ya bar mini shafukan ciki. Washegari sai ga Alhaji a maɗaba'a. Ya zauna kan bencina, ya ce ya ji ina da alƙalami, bai kamata in ƙare a jera rubutun wasu ba.

"Mutane ba su karanta abin da ke cikin akwatin ga," in ji shi. "Tsallake shi sukai. Ka rubuta shi yadda kuka rubuta labarin gwamna."

Ya ajiye mini shadda fara. Na daɗe ina gaya wa kaina shaddar ce ta ja ni, amma ba ita ba ce. Ina son in ga maganata a jarida, an ce daga wakilinmu.

Na rubuta cewa manoman fadama sun yi ban kwana da wahalar jigo, sabon inji na shayar da gona kafin hantsi, kuma ba ya lalacewa. Ban ga injin yana aiki ba, ban tambayi manomi ko ɗaya ba. Na jera shi da irin baƙaƙen da muke buga labarai, na sa shi ƙarƙashin labarin rabon taki. Layukan dalma huɗu da ya kamata su zagaye shi na mayar da su aljihun tebur.

Ina da kawu a Kwalkwalawa, wan mahaifiyata, manomin albasa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Bai yi boko ba, amma duk mako sai an karanta masa jaridarmu a ƙofar gida, don kawai ɗansa na aiki a can. Ban tuna da shi ba ko sau ɗaya lokacin da nake jera shafin.

Bayan wata guda na je gaishe shi. Na tarar babu shanun nomansa biyu a turke, ga inji ja a zaure an lulluɓe shi da buhu.

"Kawu, ina shanun?"

"Ga su nan," ya ce, yana nuna injin yana dariya. "Ga jaridarku anka karanta muna. Da talla ta da ban kula ba, kowa ka yabon kayanai. Amma wanga labari na. Kuma zamanin soja wa ka iya buga ƙarya?"

Na buɗe baki, sai na ce Allah ya sa albarka. Na yi ta fata a raina injin ya zama mai kyau, in tsira.

Ya yi aiki mako shida. Kawu ya ninka gonarsa, ya cire jigo ya ba maƙwabci itacen. Albasa na fara yin kai injin ya tsaya. Makanikai a Gidan Igwai suka kwance shi suka ce ba a samun kayan gyaransa a ƙasar nan. Alhaji ya ce laifin mai amfani ne. Kawu da matarsa suka koma ɗibar ruwa da ƙwarya, amma gonar ta fi ƙarfin hannu. Fiye da rabinta ta bushe.

Malam ya ga shafin tun ranar da ya dawo. Bai ɗaga murya ba. Ya shimfiɗa jaridar a gabana, ya ɗora yatsa a wurin, ya ce, "Wane ne wakilinmu?" Ya sa na jera gyara da hannuna, cewa abin da aka buga talla ce ba labari ba. Ya fito a ƙasan shafi na uku, layi biyar, ba kowa ya lura da shi ba. A lokacin mutane sun riga sun saya. Bai kore ni ba, amma har na bar wurin bai sake bar mini shafi ni kaɗai ba.

Damina ta zo Kawu ba shi da shanun huɗa. Da rani ya shiga aikin fasa dutse a wajen Kalambaina, mutumin da furfura ta riga ta cika masa gemu. Wata Juma'a na tafi da niyyar in gaya masa komai. Na same shi a ƙofar gida da mutane huɗu, biyu daga cikinsu su ma sun sayi injin. Ɗaya ya dube ni ya ce ga ɗan jaridar nan da ta kashe mu.

Kawu ya daka masa tsawa. "Ku bar min ɗa. Shi baƙaƙe ɗai yaka jerawa, abin da anka ba shi. Wanda yar rubuta, shi da Allah."

Ya matsa ya ba ni wuri a tabarma, ya sa aka kawo mini fura. Tafin hannunsa duk ya tsage. Na sha furar, muka yi hirar farashin gero, na koma gari kafin la'asar.

Daga baya na taimaka aka sayo masa sa guda, ya yi ta sa mini albarka a gaban jama'a har na rasa inda zan sa fuskata. Ya rayu shekara tara bayan wannan, ina zuwa wurinsa kusan kowane wata, ban taɓa faɗa masa ba. Ni na shiga kabarinsa na karɓe shi.