Baba Zunnuraini da Kwikwiyon da Aka Ba Barkono

Salmatu da 'yarta Rabi'a mutanen Farfaru ne. Lokacin da zaman ƙauye ya gagara, sun taso tare da sauran jama'a suka sauka a gefen Magama, ba nisa da bakin iyaka. Mijin Salmatu ya rasu tun Rabi'a tana goye. Abin da suka taho da shi 'yan awaki ne da tukwane. Sun samu ɗaki, sun kafa dangar kara, amma ba su da ƙofa mai kulluwa, ba namiji a gidan, ba kuma kare. Kafin damina ta wuce an zare musu akuya biyu. Sauran ukun su ne duk abin da suka dogara da shi. Ni ce malamar Rabi'a a aji huɗu, kuma ni na nuna musu hanyar gidan mutumin da nake son in jinjina wa yau.

Malam Zunnuraini tsohon ma'aikacin dabbobi ne. Ya yi rayuwarsa yana duba shanu da tumakin da ke ƙetare iyaka. Da ya yi ritaya sai ya lura da wani abu da ya dame shi. Ƙauyukan da suka watse sun bar karnuka, su kuma suka biyo hanya har gari, ƙashi da fata, yara na jifansu. Sai ya kewaye wani fegi nasa da tsohon langalanga, ya fara tattara su.

Da an sallame asuba zai hau kekensa da bokiti biyu. Zai tsaya mahauta a zuba masa ƙasusuwa, ya bi ta wurin masu tuwo a tasha su kankare masa ƙanzo. Ya dafa, ya raba, ya share wurin, ya wanke raunuka. Kowane kare da ya shigo sai ya yi masa allurar haukan kare kafin ya haɗa shi da sauran. Yana da wata tsohuwar riga ta aikin kawai, da sabulu da buta a bakin ƙofa. In aka tsokane shi cewa liman zai kore shi daga sahu, sai ya yi dariya ya ce ai ya fi mai tsokanar yawan wanka. Ba ya sayar da kare. Yana bayarwa ne ga mai gona ko mai dabbobi da ke bukatar gadi, bisa sharaɗin zai riƙa leƙowa.

Ranar da muka je, idon Salmatu ya sauka kan wani baƙin ƙato mai haushi kamar zai tsinke igiya.

"Baba, wanga nika so," in ji ta.

"Wanga? Shi zai fara cinye maki awakin kafin ɓarawo ya iso."

Rabi'a kuwa ta tsuguna tana leƙen bayan wani fasasshen tulu. Can ciki wani jan kwikwiyo ne ya dunƙule, jela a matse, jikinsa na rawa. Baba ya ce direbobi ne suka tsinto shi a bakin hanya, shi kaɗai, uwar ta mutu.

"Jikalle, kin zaɓi matsoraci," ya ce mata. "Za ki iya da shi? Wanga ba a yi mashi tsawa."

"Ni ma ba na son tsawa," ta ce.

Ta sa masa suna Goro saboda launinsa. Suka tafi da shi a kwando.

Makonni suka wuce, Goro ya yi ƙiba, ya saba bin Rabi'a zuwa rijiya, amma ko sau ɗaya bai yi haushi ba. Baƙo na shigowa zai shige ƙarƙashin turmi. Wan Salmatu, Ya'u, ɗan acaɓa ne mai kai mutane bakin iyaka, kuma yana son ƙanwarsa da gaske. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce a ƙauyensu an san maganin irin wannan: a ɗaure kare, a dama masa barkono a cikin abinci, zuciyarsa ta yi zafi. Haka kakanninsu suke yi wa karnukan farauta. Ran kasuwa, Rabi'a tana makaranta, ya zo ya aikata.

Goro ya ci loma biyu, ya yi wani irin kuka, ya fizge igiyar ya bi ta ƙarƙashin danga.

Abin da ya biyo baya daga bakin Ummaru mai shayi na ji shi, wanda teburinsa ke kusa da inda manyan motoci suke jeruwa suna jiran a duba takardunsu. Ya ce sai ganin kare suka yi a guje, ido jajir, yawu na dalala, yana goga baki a ƙasa. Wani ya ce, "Mahaukacin kare!" Ba laifinsu ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin mutumin da mahaukacin kare ya ciza ba ya tsayawa tambaya. Nan da nan yaran mota da 'yan acaɓa suka ɗauko sanduna da duwatsu. Goro ya shige ƙarƙashin wata tirela mai ɗauke da albasa, ya maƙale a bayan taya. Direban, wani mutumin Maraɗi, ya hau zai ja motar gaba don a samu sararin dukansa.

Ya'u kuwa, tun da ya ga karen ya tsere ya nufi wajen motocin, da kansa ya je ya ɗauko Baba a babur, bayan ya biya makaranta ya ɗauki Rabi'a tana kuka. Ummaru ya ce dattijon bai yi wa kowa faɗa ba. Sauka kawai ya yi, ya ratsa taron, ya zauna dirshan a ƙasa gaban tayar.

"Direba, in za ka ja, to ka ja da ni."

"Haba tsoho, mi ya yi zafi? Kare ne fa!"

"Na san shi. Da hannuna na yi mashi allura. Ku ba ni lokacin da Ummaru zai dafa shayi ɗaya. In ya ƙi shan abin da zan ba shi, ni zan ba ku hanya."

Wani yaro ya ce, "In ya cije ka fa, Baba?"

"Sai ku ɗaure mu tare."

Aka yi dariya, sanduna suka ɗan sauka. Ya sa aka sayo nono wurin wata Bafulatana, aka zuba a murfin kwano, ya tura shi ƙarƙashin motar da sandar wani. Ya ce kowa ya ja baya, ban da Rabi'a. Ta durƙusa kusa da shi tana kiran sunansa a hankali. Aka jima ba motsi. Can sai aka ji ƙarar lasa. Goro ya shanye nonon tas, ya lashe murfin, ya jawo ciki ya fito ya cusa kansa a zanen yarinyar.

"Kun taɓa ganin mahaukacin kare ya sha nono ya nemi ƙari?" in ji Baba. Ya shafo bakin kwikwiyon ya nuna musu jan gari a yatsansa. "Barkono ne."

Ummaru ya ce ajiyar zuciyar da taron ya yi har a teburinsa ya ji ta. Ya'u ya sunkuyar da kai. Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai ka ba shi, kai kuma ka kawo ni. Mun yi kunnen doki. Amma daga yau tuwonka kaɗai za ka sa ma yaji."

Baba Zunnuraini, kai ne ka zauna a ƙasa gaban taya saboda dabbar da ba ta iya yi maka godiya. Kai ne ka san tsoron mutanen nan gaskiya ne, ba ka raina shi ba, ka ba su hujjar da za su gani da idonsu. Kuma ba ka tsaya nan ba. Kullum da la'asar sai ga kekenka a ƙofar Salmatu. Ka sa aka kwance igiyar, aka yi wa Goro shimfiɗar buhu kusa da turken awaki, aka bar Rabi'a kaɗai tana ba shi abinci, tana zagayawa da shi gindin danga har ya san iyakar gidan.

Bayan an girbe gero, wata rana da hantsi, Salmatu tana daka sai ta ji haushi a bakin danga, mai ƙarfi, ba fasawa. Ta saki taɓarya ta fito a tsorace. Goro ne tsaye, ƙafa a kafe, ya tare hanya. Wanda ya tare kuwa Ya'u ne, riƙe da babur ɗinsa, yana cewa, "Ke Salmatu, zo ki gaya mashi ni ɗan gida ne!" Ta yi dariya har da hawaye. Tun daga lokacin ba a sake taɓa musu akuya ba, ɗaya ma ta haifi tagwaye.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa abin da kake yi wa waɗannan halittu ya zame maka nauyi a mizani. Ku kuma masu karatu, ba sai kowa ya kewaye fegi ba. Mahauci ya ajiye masa ƙashi, mai tuwo ta tara masa ƙanzo, mai kare ya kai nasa a yi masa allura, uba ya hana ɗansa jifa.

Da na tambayi Rabi'a a aji abin da ta koya, ta tashi ta ce kare ba ya gadin gidan da yake jin tsoro, sai ya tabbata gidan nasa ne.